Me ya sa kamfanonin da ke gogayya suke haɗa kai kan binciken OLED?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na ji cewa a Turai an yi manyan ayyukan bincike kan OLED, inda kamfanonin da ke gogayya da juna suka haɗa kai da jami'o'i. Me ya hana kowa ya yi nasa? Kuma tunda sikirin wayoyi da yawa OLED ne, me ya sa har yau ba mu ga fitilar OLED a kasuwa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. OLED faranti ne siriri na sinadaran kabon da ke fitar da haske da kansa idan aka ba shi wuta, kuma amsar tambayarka ta farko tana cikin yadda ake ƙera shi.

Ana farawa ne da farantin gilashi, a shafa masa sinadarin ITO, wanda lantarki ke ratsawa kuma haske ke wucewa ta cikinsa. Sai a jera shimfiɗun sinadaran kabon ɗaya bisa ɗaya, a rufe da alminiyam. Kaurin shimfiɗun duka bai wuce nanomita 100 zuwa 200 ba, wato silin gashi ya fi su kauri sau ɗaruruwa. Ana ɗora su ne a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska: a dafa sinadarin ya zama tururi, ya hau ya kwanta a jikin gilashin. Idan aka ba shi 'yan bolt kaɗan, sai ya yi haske da kansa. Ching Tang da Steven Van Slyke ne suka nuna wannan tsari a kamfanin Kodak a 1987.

To, kowace shimfiɗa da irin nata ciwon kai. A sinadaran farko, kashi 25 cikin 100 na kuzarin da ke taruwa a ciki ne kawai ke iya zama haske, sauran 75 zafi yake zama. A 1998 ƙungiyar Stephen Forrest da Mark Thompson a Amurka ta nuna cewa sinadarai masu ɗauke da ƙarfe mai nauyi na iya ceto wannan kaso, kuma daga nan iridiyam ya zama jigon launin kore da ja. Shuɗi ne ya ƙi. Haskensa ya fi ƙarfin kuzari, har yana karya sinadarin da ke fitar da shi, shi ya sa yake riga sauran tsufa, farin haske ya koma rawaya-rawaya. Wannan aikin masana sinadarai ne.

Ko hasken ya samu, kusan kashi 20 cikin 100 ne ke fitowa daga farantin da ba a yi wa dabara ba. Sauran yana maƙalewa a cikin gilashi da shimfiɗun, sai masanin haske ya zo da fatar da za ta warwatsa shi. Ga kuma danshi, babban abokin gaba. Abin da ake nema shi ne kada ruwan da ke ratsa marufi ya wuce kashi ɗaya cikin miliyan na giram a kowane murabba'in mita a yini. Rami ɗaya da ido ba ya gani ya isa ya haifar da baƙin ɗigo, wanda zai yi ta faɗi kamar tabon mai a jikin riga. Ƙwayar ƙura ɗaya kuwa ta fi shimfiɗun kauri, sai ta haɗa ɓangarorin lantarkin biyu, wato ITO da alminiyam, farantin ya mutu. Idan farantin ya yi faɗi, ITO ba ya kai wuta tsakiya yadda ya kamata, gefe ya yi haske tsakiya ta dushe, dole a zana masa siraran layukan ƙarfe.

Babu kamfani ɗaya da ya tara duk waɗannan gwanaye, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa Tarayyar Turai ta zuba kuɗi a aikin OLLA daga 2004 zuwa 2008, ƙarƙashin jagorancin Philips, da abokan aiki sama da 20, ciki har da Osram da Siemens da Merck da Novaled da Aixtron. An sa buri a fili: lumen 50 (ma'aunin yawan haske) a kowane wat na wutar da fitilar ta ci, ƙarfin haske kandela 1,000 a murabba'in mita, da rayuwar awa 10,000. Sun kai ga lumen 50 ɗin. Sai aikin OLED100.eu ya biyo baya daga 2008 zuwa 2011 da buri huɗu: lumen 100 a wat, awa 100,000, faɗin santimita 100 sau 100, da farashin Yuro 100 a murabba'in mita. Ba a haɗa huɗun a fitila guda ba.

Yadda ake zaman shi ne, tun kafin a fara a rattaba hannu kan yarjejeniya: abin da kowa ya zo da shi nasa ne, abin da aka gano a cikin aikin kuma na wanda ya gano ne, sauran su samu izinin amfani bisa sharuɗɗa. Ana raba aikin kashi-kashi, kowane kashi da shugabansa da ranar miƙa sakamako. A ganina ribar da ba a cika ambata ba ita ce daidaita awo. Ba wanda zai zauna jiran awa 100,000, domin ya haura shekara 11. Kunna farantin ake yi da haske mai tsanani don ya tsufa da wuri, sannan a yi lissafi. Idan wani ya ƙidaya rayuwar fitila har haskenta ya ragu zuwa rabi, wani kuma ya tsaya a kashi 70, alƙalumansu ba za su gwadu ba. Duk wanda ya nuna maka adadin awoyi, tambaye shi a wane ƙarfin haske ya fara, a ina kuma ya tsaya.

Game da fitila, kasuwa ce ta raba gardama. Yayin da ake wannan bincike da kuma bayansa, kwan LED ya wuce lumen 100 a wat, farashinsa kuma ya faɗi warwas. LED ɗan ƙaramin abu ne mai haske sosai, shi kuwa OLED haskensa a shimfiɗe yake, idan kana son ƙari sai ka ƙara faɗin faranti, kuɗi ya ƙaru. Mai sayen waya zai biya don baƙi mai zurfi da sikirin siriri, amma mai sayen kwan ɗaki haske mai araha yake nema. A 2015 Philips ya sayar da sashen fitilun OLED ɗinsa ga kamfanin OLEDWorks na Amurka, kuma inda fitilun suka fi samun gurbi shi ne fitilun bayan motoci masu tsada, irin na Audi. Novaled kuwa, wanda ya fito daga Jami'ar Fasaha ta Dresden da dabarar rage wutar da OLED ke ci, rukunin Samsung ya saye shi a 2013, sinadaransa suka shiga harkar ƙera sikirin.