Ga 'yar'uwar da ke neman labarin kakanta

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce kakanki ya rasu tun ba a haife ki ba, kowa a gida da irin labarin da yake bayarwa a kansa, cikin waɗanda suka zauna da shi kuma gwaggonki kaɗai ta rage, kina tambaya ta ina za ki fara kada yaranki su tashi ba su san komai ba sai sunansa. Wallahi sai da na ajiye wayar na yi shiru, don ciwon da ke damuna ne kika taɓo.

Ki je wurin gwaggon nan. Ba sai an yi hutu ba, ba sai ta ji sauƙin ƙafa ba. Ki nemi izininta, ki kunna ɗaukar murya, ki ajiye wayar inda ba za ta riƙa kallonta ba. Kuma kada ki ce mata "wane irin mutum ne?" Amsar ɗaya ce a kowane gida: mutumin kirki, mai haƙuri, Allah ya jiƙansa. Tambaye ta me yake fara yi in ya tashi, me ke ba shi haushi, wa yake jin nauyi, wane ɗa ya fi yi wa faɗa, yaya yake kiran matarsa in ransa ya ɓaci. In akwai wani abu nasa da ya rage, ko da tsohon tabarau ne, ki sa mata a hannu ki ja bakinki ki yi shiru. Ni da haka na ji cewa kakana bahago ne, kuma ba ya iya cin abinci in akwai yaro a gidan yana kuka.

Waɗanda suka daɗe da sanina sun san zancen akwatin kakana, amma bari in maimaita, don har yau bai bar raina ba. Kakana ya bar akwatin ƙarfe: wasiƙu, littafin da yake rubuta bashi da ranar haihuwar kowane ɗa, hotuna, da kaset ɗaya mai muryarsa. Da ya rasu, baffanmu babba ya ɗauke, ya ce shi ne ya cancanci riƙewa. Ba wanda ya ja da shi. Da na yi hankali na je har gidansa na durƙusa na gaishe shi, na ce Baffa, ba ɗauka zan yi ba, hoto kawai zan ɗauka a gabanka. Ya ce me mace za ta yi da takardun maza, ke da gidan wani za ki ƙare. Na koma, ya ce makulli ya ɓata. Na aika mahaifina, wai ba shi da lokaci. Na bi ta wurin matarsa, ta ce ita ba ruwanta. Shekaru ana haka. Ranar da aka buɗe, don za su tashi daga gidan ne, ashe akwatin yana ɗakin tarkace inda rufi ke yoyo. Gindinsa ya yi tsatsa ya huje, gara ta shiga. Littafin ya zama dunƙule, kina taɓawa yana zuba. Hotunan sun manne da juna, in kin ɓamɓare fuskar ta tafi da ɗayan. Kaset ɗin ne kaɗai ya tsira, don tuni ɗan baffan ya fitar da shi tun yana saurayi. Na nemo rediyo mai kaset, hannuna na rawa, na saka. Waƙa ce. Gefe biyun duka waƙa ce ya ɗauka a kai. Akwai ɗan harshen roba a saman kowane kaset, da an ɓalle shi ba mai iya ɗaukar komai a kai, abin da ba ya cin daƙiƙa biyu. Na yi kuka a tsakar gidan nan, baffa yana tsaye, abin da ya ce shi ne, "A kan tsummokaran takarda?" Ko haƙuri bai ba ni ba. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, yanzu shi ne mai ba da tarihi in an taru, kuma a bakinsa kakata, da yake ba ita ta haife shi ba, kamar ba ta taɓa zama a gidan ba. Ina gaishe shi, zumunci ya wuce wasa, amma Allah ya gani.

Na yi nisa, ki yi haƙuri. Abin da nake so in ce, duk abin da kika samu kada ya kwana a hannun mutum ɗaya, ko da ke ce. Ki tura wa 'yan'uwa uku ko huɗu, ki ajiye a imel. In ta WhatsApp za ki tura hoto, ki tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba yana matse shi ya rage masa kyau. Bayan hoto da fensir ake rubutu, biro yana huda takarda ya fito ta gaba. Kada ki manna salatif a tsohuwar wasiƙa, yana zama ruwan ɗorawa ya ci rubutun, kada kuma ki kai a yi mata laminatin, zafi ne da gam, ba a iya cirewa.

Batun saɓanin labari kuwa, kada ki zama alƙali. Rubuta kowanne da sunan wanda ya faɗa, da ranar da ya faɗa, da ko shi ya gani ko ji ya yi. Masana tarihin baka sun daɗe da lura cewa labarin da ake miƙawa baki da baki yana riƙe dalla-dalla ne na kimanin shekara 80 zuwa 100, wato zuriya uku ko huɗu, daga nan sai ya fara zubewa. Ana tuna na kusa, ana tuna tushen gida, na tsakiya su ɓace. In kuma an yi ta maimaita suna ɗaya a dangi, sai a narkar da kaka da jikansa su zama mutum ɗaya. Mu ma an sha ba kakana labarin wata tafiya da ashe mahaifinsa ne ya yi ta.

Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru suke riƙewa. In ta ce ana yaƙin duniya na biyu aka yi auren, kin san tsakanin 1939 da 1945 ne. In an ce uwarsa ta rasu a babbar annobar mura, 1918 ke nan ko shekarar da ta biyo. Tauraro mai wutsiya na Halley ya fito a 1910 da 1986, sai dai akwai wasu taurarin irinsa, ki haɗa da wata shaidar. In kin ga kwanan wata na Hijira a takarda, ki tuna shekarar ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, shekara 33 tata daidai take da kusan 32. Ni da shekarar 1400 ta Hijira nake aunawa, ta kama ne a Nuwamban 1979.

Na ga wani ya ce miki ki yi gwajin DNA, wato gwajin ƙwayoyin halittar da ake gada daga iyaye. Ba na hana ki, amma ki san abin da za ki saya. Kusan kashi 25 cikin 100 kika gada daga kowane kaka, rabin haka daga iyayensu. Zai iya haɗa ki da dangi na nesa, ba zai gaya miki ko mutumin yana da fara'a ba. Kuma tunda zancen ya zo, kakanni 4 gare ki, iyayensu 8, na samansu 16, rabinsu mata ne. Ki tambayi gwaggo sunan uwarsa na yanka da na 'yan'uwansa mata, su ake fara mantawa.

Yara kuwa ba za su zauna su karanta shafi hamsin ba, kar ki wahalar da kanki. Abin da ake yi a gida shi suke riƙewa. Akwai wata magana da mahaifina ke yi in za mu fita, ashe ta kakana ce, yanzu in na faɗa wa nawa sai in ƙara da cewa ga mai ita. Wanda ya ci sunansa a dangi, a gaya masa sana'ar mai sunan da abin da ya sha kafin ya tsaya da ƙafarsa. Har da aibinsa, daidai hankalinsu. Sai dai in gwaggo ta ce wannan tsakaninmu ne, ki kashe wayar, ki riƙe mata amana.

In kuma akwai mai halin baffana a gidanku, kada ki yi jayayya da shi kan wa zai riƙe na asali. Ki bar masa. Ki tafi da wani babba da yake jin kunyarsa, ki roƙi minti goma, ki ɗauki kowane shafi gaba da baya, har bangon littafin.