Tambaya da Amsa: Me ya sa shekarun tarihin Ravenloft suke tufka da warwara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu biyar muke haɗuwa daren Assabar wani zaure nan Runjin Sambo, muna wani wasan tebur na ƙagaggen labari, Dungeons & Dragons, ni ka jan labari. Littafin Curse of Strahd munka ɗauka. Wanga sati gardama ta tashi har shayi ya huce ba wanda ya kula. Littafina ya ce an haifi Strahd shekara ta 306, wani abokinmu ya buɗe waya ya gwada muna 299. Ya ce kuma labarin Ireena tun 528 anka yi shi, mu ko muna 735. Ya ƙara da cewa ƙasar Darkon a 579 ta samu, amma mutanenta suna lissafa kakanni tun gabanin haka, kuma likitan Lamordia wani wuri namiji ne wani wuri mace. Malam, wa ke da gaskiya, kuma ƙaƙa zan yi da yaran nan ranar Assabar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kai da abokinka duk kun karanto daidai. Ba tarihi ɗaya kuke karantawa ba ne kawai, kuma lambar 735 ce ta ruɗa ku, don ta fito a duka biyun sai kuka ɗauka gida ɗaya ne.

Sai an koma yadda aka haifi abin kafin a gane. A 1983 kamfanin TSR na Amurka ya buga wani ɗan siririn littafin wasa mai suna Ravenloft, wanda Tracy Hickman da matarsa Laura suka rubuta. Ƙauye ɗaya ne a ciki, Barovia, da fada ɗaya a kan dutse, da mashayin jini ɗaya, Strahd von Zarovich, wanda ya kashe ƙanensa Sergei saboda son budurwarsa Tatyana. Ba wanda ya damu da kalanda a lokacin, don wasa ne da za a gama cikin 'yan zama kaɗan. Ko a wannan littafin na farko ma, karta ake ja a farkon wasa ta yanke inda aka ɓoye makamai da abin da Strahd yake nema, saboda haka teburi biyu ba sa samun labari iri ɗaya. A 1986 aka yi masa ci gaba, The House on Gryphon Hill, inda Strahd ya bayyana a wani gari daban yana haɗa magunguna, har littafin ya ba mai jan labari damar ya ɗauke shi a matsayin mafarki.

Sai a 1990, da akwatin Realm of Terror na Bruce Nesmith da Andria Hayday ya fito, aka mai da wannan ƙauye ya zama duniya guda mai ƙasashe da yawa, kowace da ubangidanta la'ananne, hazo ya kewaye su duka. Duniya kuwa tana buƙatar tarihi, don haka aka ƙirƙiri Kalandar Barovia. Haruffan BC da abokinka yake gani a bayan shekarun sunan wannan kalandar ne, gaba take ƙirgawa ba baya ba. Aka sa daren bikin Sergei, daren da Strahd ya kashe shi, shi ma ya mutu ya zama mashayin jini, a 351, aka sa "yanzu" a 735. To ina za a kai tsoffin littattafai biyun da mutane suka riga suka buga? Sai aka nema musu gurbi a baya: harin jarumai kan fadar Strahd, wato labarin littafin 1983 da Ireena take ciki, aka ajiye shi a 528, lamarin Gryphon Hill kuma a 579. Daga nan 528 ɗin abokinka ta fito.

Wannan tarihin ya ci gaba da tafiya shekara da shekaru. Tsakanin 1990 da 1993 an fitar da jerin wasanni shida da suka kai ga wata babbar girgiza a shekara ta 740 ta kalandarsu, wadda ta sake zanen taswira: G'Henna da Markovia suka ɓalle suka bar wani ƙaton rami, aka raba Gundarak tsakanin Barovia da Invidia, Borca ta haɗiye Dorvinia, Darkon ta haɗiye Arak. Akwatin 1994 da sabuwar taswira ya zo. Littafin Domains of Dread na 1997 ya tura agogo zuwa wajen 750, a shekarar da kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR. Daga 2001 zuwa 2005 kuma kamfanin White Wolf ne ya karɓi lasisi ya ɗora daga 755. Hannaye da yawa sun taɓa shi, amma duk zare ɗaya ne, kuma a cikinsa ne aka haifi Strahd a 299.

Littafin da ke hannunka, na 2016, bai ɗora a kan wannan zaren ba. Komawa ya yi kan wasan 1983 ya sake gina shi, ya ari abin da ya ga dama daga tsohon tarihi ya bar saura. Ya ari 351, ya ari 735, ya sa haihuwar Strahd a 306, cin kwarin da yaƙi a 347, gama ginin fada a 350. Wato a naka Strahd ya mutu yana da shekara 45, a na abokinka yana da 52. Ya ɗauko Ireena, budurwar nan mai fuskar Tatyana, ya ajiye ta a 735, ya kawo mafaraucin dodanni Rudolph van Richten garin Vallaki da sunan bogi, ya kuma mai da Madam Eva, tsohuwar nan mai duba, 'yar uban Strahd, abin da tsoffin littattafai ba su faɗa ba. A 2021 sai Van Richten's Guide to Ravenloft ya ƙarasa aikin: ya wargaza babbar nahiyar da ƙasashen ke manne da juna, kowace ta zama tsibiri cikin hazo, likita Victor Mordenheim na Lamordia ya zama Viktra, Vlad Drakov na Falkovnia ya zama Vladeska. Viktra ba 'yar Victor ba ce, ba kuma jikarsa ba. Ita ce shi, a wani bugun. A shekarar ma masu kamfanin sun fito sun ce kowane bugu na wasan da nasa tabbataccen tarihi, na lokacin daga littattafan 2014 ya fara ƙirga nasa.

Kamar tatsuniyar Gizo ce: kaka ta wajen uwa ta ba ka ita da Ƙoƙi ta tsira, ta wajen uba ta ba ka ita da wani ƙarshe daban, kuma ba yaron da ya taɓa tashi ya ce sai an haɗa kakannin biyu sun daidaita baki kafin ya yi barci.

Akwai wani misali da nake so don yana nuna yadda abin da ke wajen labari yake karya abin da ke ciki. Lord Soth jarumi ne la'ananne daga duniyar Dragonlance. A 1991 wani littafin ƙagaggen labari na James Lowder ya shigo da shi cikin hazo, aka ba shi ƙasar Sithicus a 720. Waɗanda suka rubuta Dragonlance, Margaret Weis da shi Tracy Hickman ɗin, ba su yarda da wannan aron ba, suka ci gaba da rubutu kamar bai taɓa barin gida ba. Daga baya aka fitar da shi daga Sithicus a 752. Da lasisi ya koma hannun White Wolf, ba su da iznin ambaton sunayen sauran duniyoyin wasan, sai suka riƙa kewayawa suna kiransa da laƙabi. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka wani sirri ne mai zurfi aka ɓoye, alhali takardar yarjejeniya ce.

Maganar Darkon kuwa daban take, kuma nan ne abin yake da daɗi, don ba kuskuren marubuta ba ne, da gangan aka saƙa shi. A tsohon tsarin, ƙasashen nan kurkuku ne da wasu Ikokin Duhu, waɗanda ba a bayyana ko su wane ne ba, suke ginawa domin mutum ɗaya mai babban laifi. Wasu ƙasashen an sato su ne daga wata duniya, wasu kuwa hazo ne ya ƙaga su rana ɗaya. Idan ya ƙaga ƙasa, ba fili yake bari ba. Yana haɗawa da tsoffin kaburbura, da gidajen da suka tsage don tsufa, da kundin haraji, da tsofaffi masu tuna yaƙin da ba a taɓa yi ba. Masu wasan suna kiran wannan tarihin ƙarya. Don haka mutumin Darkon zai rantse maka da kakansa na bakwai, bai kuma yi ƙarya da sani ba, ko da yake ƙasar ta bayyana ne a 579, lokacin da matsafin nan da ya ƙi mutuwa, Azalin, ya bar Strahd bayan zaman doya da manja da suka yi tun 542. Darkon ma ta fi sauran mugunta: baƙon da ya zauna 'yan watanni a can sai tunaninsa ya goge, ya wayi gari yana nuna maka kabarin mahaifiyarsa a garin da bai taɓa sani ba.

Lokacin kansa bai da amana a wurin. Hazo yana iya ɗaukar matafiyi ya sauke shi wani wuri, yana kuma iya sauke shi wata shekara. Fadar Tristenoira ta ƙasar Forlorn, a akwatin Castles Forlorn na 1993, tana tsaye ne a zamani uku lokaci guda, 'yan wasa su shiga ɗaki yana sabo su fito ya zama kango. A wasan From the Shadows na 1992 Azalin yana tura jarumai baya har daren bikin 351. Ita Madam Eva, tsohon tarihi ya ce wata ɓarauniya ta kashe ta, amma aka ci gaba da haɗuwa da ita a tantinta shekaru aru-aru bayan haka, aka ce ita ba ta cikin ƙangin lokaci. A littafinka ma, rayuka ba sa iya fita daga Barovia, sake haifar su ake yi, ko an kashe Strahd bayan 'yan watanni yakan dawo. Idan kana son ka haɗa 528 da 735, ga ƙofa nan a buɗe: fuskar Tatyana ta sha dawowa, jarumai sun sha zuwa sun mutu.

Ka kuma lura da bakin da ke ba da labari. Yawancin abin da aka sani game da daren bikin daga rubutun Strahd da kansa ya fito, ko kundinsa da ake tsinta cikin wasa, ko littafin P. N. Elrod na 1993 da aka rubuta da muryarsa. Mutumin da ya kashe ƙanensa yana ba da labarin yadda aka yi, wa zai ɗauki kowace kalma tasa a matsayin shaida? Jagororin Van Richten ma an rubuta su ne kamar bayanan likita mai bincike, wanda yake iya kuskure.

Sai dai zan ja maka kunne a nan, don na ga masu jan labari da yawa sun faɗa wannan ramin. Kada hazo ya zama mafakar kasala. Idan ka ce wa 'yan wasa mai masauki ya mutu makon jiya, wannan makon kuma ka manta ka sa shi yana zuba musu miya, suka tambaya ka ce ai hazo ne, sau biyu za ka yi haka su daina riƙe komai a ka. Wasan ban tsoro kuwa da kula yake rayuwa. Wanda ya daina lura ba ya jin tsoro, lido kawai yake jefawa. Saɓanin da ke aiki shi ne wanda kai ka san dalilinsa tun kafin ka dasa shi.

Ga abin da zan yi ranar Asabar da ni ne kai. Kafin a buɗe jakar ƙwayoyin lido, ka ce musu a teburin nan littafin 2016 ne alƙali: 306, 347, 351, 735. Duk abin da aka gani a intanet na wani bugu ne, sai wanda ka shigo da shi da kanka. Ka samu ƙaramin littafin rubutu ka riƙa ajiye abin da ya faru a wasanku, wa ya mutu, a wane wata, don wannan ne kaɗai tarihin da ya zama dole ya tsaya daram. Shi kuma abokin naka mai waya, kada ka yi faɗa da shi, aiki za ka ba shi. Ka sa ɗan wasansa ya tsinci wani dutsen kabari a maƙabartar ƙauyen Barovia, an rubuta 528, da sunan mace, da hoton fuska da aka sassaƙa wadda ba ta da maraba da ta Ireena da ke tsaye kusa da shi. Ka sa limamin cocin ya ce bai taɓa ganin kabarin ba, alhali gansakuka ta rufe rabinsa. Idan suka shiga ɗakin karatun fada, su tarar da takardu biyu, ɗaya ta ce 299 ɗaya ta ce 306, duka da rubutun hannun Strahd. Kai dai ka yanke tun a gida wacce ce ta gaskiya da abin da ya faru a shekaru bakwai ɗin da ke tsakani, ka rubuta a littafinka, sannan ka bar su su nemo.