Amsa: laburare a ƙarƙashin gidajen haya, zai yi kuwa?

Malam, ka tambaya ko hayaniyar masu shaguna da ta mazauna bene ba za ta hana mutane karatu ba idan aka haɗa su da laburare a gini ɗaya. An gwada, kuma abin ya zauna.

A Chicago ta Amurka, a 2019 aka buɗe rassan laburare uku a haka: Independence da Northtown da Little Italy. Laburare a ƙasa, gidaje masu rangwamen haya a sama. A biyu na farkon ma tsofaffi ne ke zaune, dattijo ya sauko daga ɗakinsa ya karanta jarida ya koma. Ƙofar gidajen daban take da ta laburaren, don haka ba a cakuɗuwa.

Landan kuwa kasuwa suka bi. Ƙaramar hukumar Tower Hamlets ta tambayi jama'a, ta gano sun fi son laburare inda suke cefane, sai ta buɗe sabon salon laburare mai suna Idea Store a unguwar Bow a 2002, na Whitechapel kuma a 2005, dab da babban kanti.

Ni dai ba hayaniya ce ke damuna ba, cinikin fili ne. A Brooklyn Heights ta New York an sayar da filin laburaren kan dala miliyan 52, aka gina dogon bene na masu hannu da shuni, laburaren ya dawo ƙasansa ya fi na da ƙanƙanta. Kafin ka yi na'am da irin wannan, Malam, bincika wa zai mallaki hawan da laburaren yake.