Me ya sa Dream Theater suka raɗa wa kundinsu na 12 sunan ƙungiyarsu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina sauraron waƙoƙin ƙungiyar nan ta Amurka, Dream Theater, sai na lura kundin da suka fitar a 2013 ba shi da wani suna sai na ƙungiyar. A sanina sababbin mawaƙa ne ke yin haka domin a san su. Mene ne dalili? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Gaskiyarka, galibi kundin farko ake yi wa haka. Su kuwa waɗannan sun kafu tun 1985 a kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston, da sunan Majesty, kuma wannan kundi da kamfanin Roadrunner ya fitar a watan Satumba na 2013 shi ne na 12 a jerin kundayensu.

A ganina, ba za a fahimci sunan ba sai an koma 2010, lokacin da mai kiɗan gangunansu Mike Portnoy, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa ƙungiyar, ya raba gari da su. Tafiyarsa ta girgiza masoya ƙwarai, domin ba ganga kaɗai yake kaɗawa ba, yana rubuta waƙa, yana kuma da ta cewa a kusan kowace shawara. Mike Mangini ne ya maye gurbinsa, amma a kundin 2011 sai da aka gama tsara waƙoƙin sannan ya zo ya ɗora kiɗansa. A na 2013 ne aka fara damawa da shi tun daga tushe, a ɗakin ɗaukar sauti na Cove City da ke jihar New York, John Petrucci mai gita yana jagorantar aikin. Ke nan sunan tamkar shela ne ga masu shakka cewa ƙungiyar tana nan daram, kuma wannan ita ce kamarta a wancan lokacin.

Waƙoƙin guda 9 sun tabbatar da haka, don sun tattaro abin da salon progressive metal ya ƙunsa, wato kiɗan gita mai nauyi da amo, haɗe da dogon tsari mai sauya kari a tsakiyar waƙa. Kundin ya shiga jerin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka a matsayi na 7, waƙar "The Enemy Inside" kuma ta shiga takarar lambar Grammy.

Wadda ta fi kama ni ita ce ta ƙarshe, "Illumination Theory", mai tsawon minti 22, inda hayaniyar gita ke lafawa a tsakiya, kayan kiɗa masu tsirkiya irin na goge su karɓi fage, sannan muryar mawaƙin ƙungiyar, James LaBrie, ta dawo. Idan za ka saurare ta, ka ware mata lokaci ka ji ta daga farko har ƙarshe ba tare da tsallake ba, domin kowane sashe a kan wanda ya gabace shi aka gina shi.