Amsa ga ƙanwarmu da karatunta ke tsayawa a Littafin Firistoci

Ƙanwata, salama a gare ki cikin sunan Yesu. Kin ce shekara uku ke nan kina fara karanta Littafi Mai Tsarki ran ɗaya ga Janairu da niyyar kai shi ƙarshe, amma kafin Fabrairu ta fita kin ajiye, har kin fara tambayar kanki ko bangaskiyarki ce ta yi sanyi. Tun jiya maganar nan take damuna, don na daɗe a wurin da kike tsaye. Ba bangaskiyarki ba ce. Da ta yi sanyi, da abin bai dame ki har kin fito kin tambaya ba.

Bari mu fara da lissafi, don shi ya kwantar mini da hankali. Littattafai 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo, surori kuma 1,189 gaba ɗaya. ('Yan'uwanmu Katolika nasu ya ɗara haka da wasu littattafai, sai su ƙara kaɗan.) In kina karanta sura uku kullum, biyar ran Lahadi, kin yi 23 a mako, kuma cikin mako 52 kin gama. Ni sura uku ba ta wuce mini minti goma sha biyar, sai in na faɗa doguwa irin Zabura 119 mai aya 176. To ki duba: Farawa sura 50 ce, Fitowa 40. Da wannan tafiyar, mako huɗu ya kai ki ƙofar Littafin Firistoci. Shi ya sa kike tsayawa a Fabrairu. Labarin Yusufu da ƙetare Bahar Maliya ya ƙare, kin shiga hadayu da dokokin kuturta, ga zafin niyyar sabuwar shekara ya huce.

Amma abin da ya riƙa kashe nawa karatun ba Firistoci ba ne, bashi ne. Ina da takardar tsarin karatu da na manna da gam a cikin bangon littafina, kowace rana da ɗan akwatinta, ina sa alama da jan biro. Wata shekara ɗana ya kwanta zazzaɓi, muka yi kwana shida a asibiti. Da muka dawo na buɗe littafin, sai ga akwatuna shida babu alama, sura ashirin tana jirana. Na ce ran Asabar zan biya. Asabar ta zo da wanki da cefane. Kafin in ankara bashin ya zama na wata guda, na koma ina kauce wa littafin kamar yadda mutum ke sauya hanya in ya hango wanda ke binsa kuɗi. Yana nan kan teburi, ƙura ta hau jakarsa, sai ran Lahadi in kaɗe in tafi da shi sujada.

Wata tsohuwa a Zumuntar Mata ce ta raba ni da wannan, Allah ya ba ta lada. Na kai mata kukana bayan taro, ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni: in na wuni ban ci abinci ba, washegari tuwon kwana biyu nake zama in cinye? Na ce a'a, Mama. Ta ce to ki je ki ci na yau. Ran nan na ɗauki biro na shafe kwanakin wata da ke jikin takardar, na bar surorin kawai. Inda na tsaya, nan nake tashi. Karatuna na farko da ya kai Wahayin Yahaya ya ci shekara ɗaya da wata bakwai, kuma ba abin da ya ragu a cikinsa don bai zo daidai da 31 ga Disamba ba. Sannu ba ta hana zuwa. Wannan shi ne babban abin da nake so ki riƙe, sauran duk dabaru ne.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce alama biyu. Zare ɗaya a Tsohon Alkawari, ɗaya a Sabo: sura biyu can, ɗaya nan. Ba sabon abu ba ne, wani fasto a ƙasar Sikotilan mai suna Robert Murray M'Cheyne ya tsara wa ikkilisiyarsa irin wannan tun 1842, wurare huɗu a rana. Ni huɗu ta yi mini yawa, biyu ta ishe ni. Kuma in kin iso Firistoci, ki kai zarenki na biyu kan Ibraniyawa. Ki karanta Firistoci 16, inda babban firist ke shiga Wuri Mafi Tsarki sau ɗaya a shekara da jinin hadaya, sannan ki buɗe Ibraniyawa 9, inda Almasihu ya shiga sau ɗaya tak da jinin kansa. Ranar da na fara haɗa su, sai da na rufe littafin na yi shiru na wani lokaci.

Littafin nan da muke gudu yana da dukiya, ƙanwata. Umarnin ƙaunar maƙwabci kamar kanka, wanda Yesu ya ce shi ne na biyu a girma, daga Firistoci 19:18 ya fito. A wannan surar ce kuma aka hana mai gona girbe gonarsa har gefe, aka ce ya bar kala domin matalauci da baƙo. Ni da na tashi ina ganin mata suna bin gonar gyaɗa suna kala bayan an cire, ayar nan ba ta buƙaci mai fassara mini ita ba. Da na iso littafin Rut na same ta tana kala a gonar Bo'aza, sai na gane dokar nan ce ta ciyar da ita da surukarta, kuma ita ce Rut ɗin da sunanta ya fito a asalin Yesu a Matiyu 1. Mai tsallake Firistoci ba zai ga wannan zaren ba.

Jerin sunaye na 1 Tarihi, sura 1 zuwa 9, ki karanta su da ɗan sauri, ba laifi ba ne. Annabawa kuwa suna buɗewa ne in kin san zamaninsu. Amos ki haɗa shi da 2 Sarakuna 14, Haggai da Ezra 5, Zabura 51 da 2 Sama'ila 11 da 12. Abin da ya shige miki duhu ki rubuta a ƙaramin littafi, ki kai wa fasto ko wurin binciken Littafi Mai Tsarki, kada ki tsaya a kansa mako guda. Ko Bahabashen nan na Ayyukan Manzanni 8 sai da Filibus ya hau karusarsa ya bayyana masa Ishaya.

Game da fassara, ki karanta wadda kike ganewa. Mahaifina har ya koma ga Ubangiji tsohuwar fassarar 1932 yake riƙe da ita, wadda Likita Miller na Zariya ya yi aiki a kanta, mai tsofaffin sunayen littattafai irin su Kubawar Shari'a da Misalai da Ru'ya ta Yohanna. Ina girmama ta, amma Hausarta ta yi wa yarana nauyi, don haka a gida muna amfani da wadda aka sabunta. Ta waya ma tana taimakawa, musamman mai murya, ina kunna ta ina tsintar shinkafa. Sai dai da asuba takarda nake buɗewa, domin in na taɓa waya saƙonni ne ke fara cin lokacin.

Lokacina ƙarfe biyar ne, bayan na ɗora ruwan wanka a wuta, kafin yara su tashi. In an ɗauke wuta, ga 'yar tocila a kan taga. Ke kin san gidanki, ki nemi abin da ba ya wuce ki kullum ki jingina karatun a jikinsa.

Kada ki jira Janairu. Gobe ki buɗe inda kika tsaya a Firistoci, ki sa zare na biyu a Ibraniyawa 1. Ni yanzu ina Irmiya ne da Luka, karo na shida. Ran Lahadi da yamma ki rubuto mini surar da kika kai, ni ma in gaya miki tawa.