Fitilar waifai ta kama, sai me?

Kai yaro, wai kana tambayata yadda za ka tabbatar kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar, na loda famwe daidai, wato 'yar manhajar da ake zuba wa kati kamar na waifai kafin ya yi aiki, tunda ka ga waifai ya kama a kwamfutar da ke kan teburinka. To wanga "ai ya kama" shi ne ciwonku ku 'yan yanzu. Ku ga fitila ta yi kore, ku ɗauki hoto ku sa a WhatsApp, an gama aiki.

Haɗa kanel da kunna CONFIG_TEST_FIRMWARE ba zan ɓata bakina a kansu ba, wanda bai iya wannan ba ya koma sayar da caja. Ka ɗora test_firmware, wato sashen kanel na gwajin loda famwe, ka ajiye ɗan fayil da ka san abin da ke cikinsa a /lib/firmware, ka rubuta sunansa cikin trigger_request, inda ake ba sashen umarnin lodawa, sannan ka karanto /dev/test_firmware ka gwada da na asali. Ko harafi guda ya bambanta, akwai matsala. Masu kanel sun riga sun rubuta wannan duka a tools/testing/selftests/firmware, amma ku ba ku karatu.

Gwajin gaske shi ne ka ba shi sunan fayil ɗin da babu, ka ga yadda zai faɗi. A nan aka cuce ni.

Wani ɗan kwangila nan Gusau ya samu aikin zuba kwamfutoci a wata cibiyar jarrabawa. Ya kawo mini guda ɗaya samfuri, fes da ita, katin waifai na Intel. Ya ce in shirya manhaja sau ɗaya a kwafa wa sauran, kuma in rage mata nauyi don faifansu ƙarami ne. Na zauna na tsefe ta, na bar famwe na iwlwifi, wato na katunan Intel, kaɗai tunda shi katin ke nema. Na kashe na kunna, na sa ta barci na tashe ta, komai lafiya. Ya ba ni kafin alkalami, ya ce ciko sai an duba aiki.

Ashe bawan Allah ya zagaya ya kwaso 'yan Beljiyam masu araha. Jiki ɗaya, tambari ɗaya, lambar samfuri ɗaya, amma cikinsu katin Realtek. Ranar da masu dubawa suka zo, ko ɗaya ba ta ga intanet ba. Ya kira ni gaban mutane, da babbar rigarsa da turarensa, yana nuna ni da makullin mota wai na lalata masa kaya. Na buɗe guda, na buga dmesg mai nuna saƙonnin kanel, ga shi baro-baro: kanel na neman rtlwifi/rtl8723befw.bin, ya dawo da -2. Wannan lambar ma'anarta kanel bai samu fayil ɗin ba. Na buga lspci mai lissafo katunan da ke cikin na'ura, na juya masa allon, na ce Alhaji wannan ba katin da ka kawo mini ba ne. Ya ce shi bai san wani kati ba, kwamfuta kwamfuta ce. Na kwana ina zuba musu famwe ɗaya bayan ɗaya da janareta, da man da na saya da kuɗina. Cikon nan har yau. Kuma in mun haɗu a ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu.

Shi ya sa kake ganin ina sa mai kaya ya sa hannu kan takardar lspci ta kowace na'ura, kuna dariya a bayana.

Kuma -2 ba kullum take nufin ka manta fayil ba. Tun Linux 5.3 ana iya matse famwe da xz, in kanel ɗinka ba a haɗa shi da wannan ba, fayil na nan zaune amma bai gan shi ba. Haka in direba, wato manhajar da ke tuƙa katin, ya tashi da wuri tun ba a ɗora babban faifai ba, dole fayil ɗin ya kasance cikin initramfs, ƙaramin ƙunshin fayiloli da kanel ke fara tashi da shi. In kuma ka ga buɗewa ta tsaya cik kamar minti guda, duba /sys/class/firmware/timeout, daƙiƙa 60 kanel ke jiran wani ya miƙo masa famwen ta hanyar baya.

Wannan ta kan teburinka ma daga Windows ka sake kunna ta, na gan ka. Wasu katunan suna riƙe abin da aka loda musu muddin wuta ba ta yanke ba. Kashe ta gaba ɗaya, cire batir, ka sake, sannan ka zo ka faɗa mini ya kama.