Idan ƙararrawar gobara ta kaɗa a rumbun kayan jirgin sama, me matuƙa suke yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina yawan hawa jirgi daga Kano zuwa Jidda da Dubai. Na ji an ce idan jirgi yana sama matuƙi ba shi da hanyar shiga wurin da ake zuba akwatunanmu. To idan wuta ta tashi a can, yaya zai sani, kuma me zai iya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ka ji haka yake. A yawancin jiragen fasinja rumbun kaya yana ƙarƙashin daɓen da kujeru suke kai, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma babu ma'aikacin da zai iya leƙawa ciki sai an sauka. Idon matuƙi a can shi ne na'urorin gano hayaƙi, waɗanda doka ta ce dole su sanar cikin minti ɗaya da tashin wuta. Da zarar sun shaƙi hayaƙi sai ƙararrawa ta kaɗa a ɗakin matuƙa, jar fitila ta kama, allo ya nuna ko rumbun gaba ne ko na baya.

Mafi yawan lokuta ba wuta ba ce, domin ƙura ko laima ko feshin maganin ƙwari suna iya ruɗar na'urar. Duk da haka ana horar da matuƙa su ɗauki kowace ƙararrawa a matsayin gaskiya, tunda ba su da hanyar tantancewa, kuma asarar sauka a filin da ba a nufa ba ba ta kai asarar rai ɗaya ba.

Nan take suke raba aiki. Ɗaya ya riƙe tuƙi da magana da masu kula da zirga-zirgar jirage, ɗayan ya bi jerin matakan gaggawa layi bayan layi. Yakan toshe iskar da ke ratsa rumbun don kada ta hura wutar ko ta kwashe hayaƙi zuwa wajen fasinjoji, sannan ya danna maɓallin da ke sakin iskar halon, wato sinadarin danne wuta, daga tukwanenta. Kashin farko yana fita gaba ɗaya har halon ya kai kashi 5 cikin ɗari na iskar rumbun, sauran kuma yana tsiyaya a hankali don kada ya gaza kashi 3. Jiragen da ke tsallaka teku sai sun ɗauki wanda zai ishe su har filin sauka mafi nisa da za su iya buƙata, da ƙarin minti 15.

Abin da nake so ka riƙe, Alhaji, shi ne halon danne wuta yake yi, ba lallai ya kashe ta ba. Tana iya ci gaba da ci a tsakiyar kaya kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Shi ya sa tun kafin a gama karanta matakan, kyaftin ya riga ya furta kalmar neman agaji ta "Meide" sau uku, ya juya hancin jirgin zuwa filin da ya fi kusa wanda titinsa zai ɗauke shi, ya nemi 'yan kwana-kwana su jira. Ko da nauyin jirgin ya wuce wanda aka ƙayyade don sauka, an yarda ya sauka a haka maimakon ya tsaya zagaye yana rage mai.

Da rayuka aka koyi wannan tsari. Ranar 19 ga Agusta 1980 jirgin Saudia mai lamba 163 ya tashi daga Riyad zuwa Jidda, kuma kimanin minti 7 da tashi ƙararrawar rumbun baya ta kaɗa. Matuƙan sun ɓata fiye da minti 4 suna ƙoƙarin tabbatar da ita kafin su yanke shawarar komawa. Sun sauka lafiya, amma maimakon su taka birki su tsaya cak, sai jirgin ya ci gaba da gangarawa na minti 2 da daƙiƙa 40, injuna ba su mutu ba sai bayan wasu minti 3, kuma ba a fitar da kowa ba. Kafin masu ceto su samu buɗe ƙofa an ƙara minti 23. Mutum 301 da ke ciki duk sun rasu, a jirgin da yake tsaye a ƙasa. Har yau wannan lamari yana taɓa ni fiye da kowane, domin mafi wuyar aikin an riga an yi shi. Saboda haka yanzu ake nanata wa matuƙa cewa sauka ba ita ce ƙarshen gaggawa ba. Sai a tsaya, a kashe injuna, a ji abin da 'yan kwana-kwana suka gani daga waje, idan akwai alamar wuta a fitar da mutane ta ƙofofin gaggawa, waɗanda aka gwada za su iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90. Ƙofar rumbun kuwa ba a buɗe ta sai kowa ya fita, domin iskar da za ta shiga tana iya tayar da wutar da halon ya danne.

A 1996 jirgin kamfanin ValuJet ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Mayami a Amurka da mutum 110, rumbunsa babu na'urar gano hayaƙi babu ta kashe wuta. Bayansa ne hukumomin Amurka suka tilasta sanya duka biyun.

Jiragen dakon kaya zalla nasu daban ne, domin babban benensu sau da yawa ba shi da halon. A nan matuƙa kan sa takunkumin oksijin, su saki matsin iskar cikin jirgi, su tsaya a tsayin kusan ƙafa 25,000 don wutar ta rasa abin shaƙa. Wannan dabara ba ta ceci jirgin kamfanin dakon kaya na UPS da ya tashi daga Dubai ranar 3 ga Satumba 2010 ba. Yana ɗauke da tarin batiran litiyam, irin waɗanda ke cikin wayar hannu, kuma da aka ba matuƙan zaɓin Doha wadda ta fi kusa, sai suka zaɓi komawa Dubai. Hayaƙi ya cika ɗakin matuƙa har ba sa ganin allo, ƙasa da rabin awa bayan ƙararrawa jirgin ya faɗi, dukansu biyu suka rasu.

Batirin litiyam idan ya lalace yana zafafa kansa da kansa, ya kunna na kusa da shi, kuma halon ba ya sanyaya shi. Tun 1 ga Afrilu 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana jigilar irin waɗannan batira a matsayin kayan dako a jiragen fasinja. Wannan haɗari shi ne dalilin tambayar da ake yi maka a kantar awon kaya, ko akwai batiri ko fawa bank a akwatinka. Idan yana jakar hannunka ya fara hayaƙi, ma'aikata za su gan shi, su kashe harshen wutar, su yi ta zuba masa ruwa har ya huce. Idan yana cikin akwati a ƙarƙashin daɓe, babu hannun da zai kai gare shi sai an sauka.